Tabo a Ƙasan Faranti

Dattijo ya juya tuffar sau ɗaya a hannunsa, babban yatsansa ya riga idonsa gano wurin: wani ɗan tabo mai laushi da bai wuce faɗin farce ba. Ya kifa ta a cikin baƙin farantin roba, tabon a ƙasa, jan gefen a sama. Haka ya yi wa ta biyu da ta uku da ta huɗu. Ya jawo leda mai mannewa daga jikin inji ya lulluɓe su, ya lanƙwashe bakinta ta ƙasa, ya dangwala farantin a kan ƙarfe mai zafi har ledar ta kama. Sannan ya ƙara zagaye na biyu, wanda shi ne sirrin aikin, domin in leda ba ta matse sosai ba, tuffa takan mirgina a hanya ta tona asiri. Ya manna takardar farashi, ya tura gefe. Faranti na talatin da ɗaya ke nan tun safe, kuma babu ko ɗaya da zai so a buɗe a gabansa.

Ɗakin naɗi yana can bayan babban kanti, tsakanin ɗakin sanyi da ƙofar da motoci ke sauke kaya. Ba shi da taga. Labulen roba mai tsage-tsage ne ya raba shi da wurin sayayya, ta jikinsa kana hango mutane dishi-dishi. Kowace safiya ana turo masa kwandunan abin da ya rage jiya a teburin kayan awo: wanda aka latsa, wanda ya faɗi aka mayar, wanda wata ta soka wa farce don ta ji ko ya nuna. Dokar ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta: abin da ya kwana a buɗe, a rufe zai wayi gari. Manaja ba ya son a ce kaya sun lalace. "Ba lalacewa suka yi ba, gajiya suka yi," in ji shi. "Ka kwantar da su su huta."

A kantin nan Dattijo ake ce masa, amma ba da wannan sunan ya yi tashe ba. Shekara ashirin da biyu yana da rumfar kayan marmari tasa ta kansa, kuma duk kasuwar da Zaɓi-Sonka aka san shi, domin shi kaɗai ne a layin yake miƙa wa mai saye kwando ya ce ya zaɓa da hannunsa. Da aka rushe kasuwar aka gina ofisoshi a wurin, sai ya samu aiki a nan, aka tsayar da shi a kan sikeli. Ya yi shekaru yana aunawa, yana hira da masu saye, har aka kawo sabon sikeli mai gilashin da ake dangwalawa. Yatsan nan da ke gane tabon tuffa ido rufe, sai ga shi ya kasa gane hoton albasa daga hoton tafarnuwa a jikin gilashi. Layi ya riƙa tsawo, mutane suka riƙa tsaki. Aka mayar da shi bayan labule. Shekara biyu ke nan, a gida kuwa bai faɗa wa kowa ba. Ƙarya dai bai yi ba. Shiru ya yi, shirun ya yi masa ƙaryar.

Da safen nan yana ɗaura igiyar takalmi, Auta ta fito da wani tulin takardu a hannu. Ita ce ƙaramar 'yarsa, malamar kimiyya a makarantar sakandare, kuma tun bara ta shiga wata ƙungiya ta masu yaƙi da leda. Gidan ma bai tsira ba: ta ɗinka wa uwarta jakar cefane ta yadi, ta kuma hana kowa shigowa da ruwan gora.

"Baba, yau kantinku za mu zo," ta ce.

Ya ɗago. "Ku zo ku yi me?"

"Wa'azi," ta yi dariya. "Mu tsaya a ƙofa mu roƙi masu saye su daina ɗaukar kayan da aka yi wa rigar leda uku-uku. Sai in sayi faranti biyu ko uku, in buɗe a gaban jama'a, abinci gefe guda, shara gefe guda, kowa ya gani da idonsa."

Uwarta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ke dai kada ki sa a kori ubanki."

"Haba Mama, manajansu ne ya ba mu izini, har da tebur zai ara mana. Kuma Baba ai namu ne. Yana kan sikeli, kayansa a buɗe suke kowa na gani. Wajensa ma zan riƙa turo mutane."

Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita. Sai a cikin bas ya lura ya bar kwanon abincinsa a kan kujera.

Zancen sikeli bai dame shi sosai ba. Wannan kunya ce ta rana ɗaya, za ta wuce. Abin da ya hana shi sakat tun a bas shi ne almakashin da zai yanka ledar. Yarinyar nan a ƙarƙashin teburinsa na kasuwa ta koyi tafiya. Tana 'yar shekara bakwai ta taɓa jera masa tumatir, manya a sama, masu laushi a ƙasa, kamar yadda ta ga maƙwabcinsu yana yi, tana jiran yabo. Ya zube tulin ya sa ta sake jerawa tana kuka. Har yanzu takan ba da wannan labarin a gaban baƙi, da alfahari take bayarwa. In ta ga ƙasan farantin nan, da wane ido zai dube ta?

Ƙarfe tara da rabi dabara ta zo masa. Ya leƙa ya ga Manaja ya hau ofishinsa na sama, sai ya shiga ɗakin sanyi ya jawo kwalin sabuwar tuffa, wadda ba a yarda a taɓa ba sai tsohuwa ta ƙare. Ya zaɓo talatin da biyu, garau, ko ƙwarzane babu. Ya naɗa faranti takwas, yana waige-waige kamar ɓarawo, alhali shi ne aiki mafi gaskiya da ya yi a ɗakin cikin shekara biyu. Ya ɗora su a keken tura kaya ya fito. A wurin jera tuffa ya tura gajiyayyun can baya, ya cike sahun gaba da sababbin, daga wannan gefe zuwa wancan. Duk wanda ya miƙa hannu, mai kyau zai ɗauka.

"Dattijo, yau kuma wane baƙo za mu yi ake wa tuffa kwalliya?"

Rediyo ce, matar da aka ba sikeli bayansa. Ba don komai aka sa mata sunan ba sai don ba a kashe ta, sai dai a rage murya.

"Gyara nake," ya ce.

"Gyara? Kai da sai an aika sau uku kake leƙowa? Ko dai wata ka hango? Ka faɗa min, ni ba na faɗa wa kowa."

"Shi ya sa kowa ya sani," ya ce, ya tura kekensa ya koma. A karo na farko tun safe ya ji numfashinsa ya sauka har ciki.

Su Auta sun iso wajen goma da rabi, su shida, da riguna kore iri ɗaya. Ta jikin labule ya hango su suna kafa tebur a bakin ƙofa. Ya ga Auta ta rabu da su ta nufi sikeli da saurinta, ta tsaya tana waige-waige. Muryar Rediyo kuwa ba ta buƙatar labule ya buɗe.

"Ke ce Autar Dattijo? Kai, ga hancin nan sak! Ai babanki yana ciki, wajen naɗi. Ya bar nan tun yaushe, shekara biyu fa. Shiga, shiga, ba mai hana ki."

Ya yi sauri ya yafa buhu a kan kwandunan jiya. Yana juyowa labulen ya buɗe. Ta tsaya tana kallonsa: hular raga a ka, farar rigar aiki ta roba har gwiwa, a bayansa tulin baƙaƙen faranti ya kusa taɓa rufi, ga ƙaton naɗin leda a jikin inji.

"Baba," ta ce. Sai ta sake cewa, a hankali, "Baba, don me ba ka faɗa ba?"

"In ce me?"

"Ka ce an canza maka wuri. Shi ke nan."

"Sikelin ne ya fi ni ilimi," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi.

Ya shirya wa fushi, ya shirya wa hawaye. Abin da bai shirya wa ba shi ne ta matso ta gyara masa hular da ta karkace, ta yi 'yar dariya idonta yana ƙyalli. "Ashe da babana nake yaƙi ban sani ba. Aiki ai aiki ne, Baba. Kai ba kai ka ƙirƙiro leda ba, sa ka aka yi. Wallahi ko kaɗan kada ka ji komai."

Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya sunkuyar da kai yana goge hannu a jikin riga, ƙafarsa tana danne da gefen buhun.

"In ka samu sarari ka fito ka ji ni," ta ce. "Ba ka taɓa jin ina magana a gaban jama'a ba."

Ta fita. Ya matso ya ɗan buɗa tsagar labulen da yatsa. Ta ɗauki kwandon sayayya, ta wuce wajen barkono ta duba, ta wuce wajen lemo, sannan ta zo ta tsaya a gaban tuffa. Sahun gaba yana sheƙi ƙarƙashin fitila. Ya ji bakinsa yana motsi da addu'a.

Ta naɗe hannun rigarta, ta sunkuya, ta zura hannu ta saman sahun gaba har kafaɗa, ta zaro faranti daga can ƙurya. Ta sake zurawa ta zaro na biyu, da na uku. Ko kallon na gaban ba ta yi ba.

Ya saki labulen. To wa zai zarga? Shi ya koya mata. Tun ranar da ya fara aiki a kantin ya tara 'ya'yansa ya ba su sirrin manyan kantuna: tsohon kaya ake turowa gaba, sabo yana baya. Na gaba na baƙo ne, na baya na ɗan gida. Ya faɗa ya maimaita har ya zama waƙa a gidan, ko madara aka aiki ɗayansu sai ya zura hannu ƙurya. Duk garin nan babu mai sayen da wannan dabara tasa ba za ta ci ba sai 'ya'yansa huɗu, kuma a cikinsu ɗaya ce ta zo. Ya haƙa rami da hannunsa, ya manta shi ya nuna mata hanyar.

Ya yi tunanin ya bi ta wajen biya ya ce, kawo in canza miki. Sai ta ce don me? Ya yi tunanin ya shige ɗakin sanyi ya rufe ƙofa har a gama. Ya ɗauki tuffa ya ajiye. Daga ƙarshe ya rungumi tulin kwandunan sayayya da ba kowa ya aike shi da su ba, ya nufi ƙofa. Mutum ba ya son ganin abin da yake tsoro, amma zaman jiransa a bayan labule ya fi ciwo.

Mutane sun kai ashirin a gaban teburin, wasu da kekunan sayayya, wasu sun tsaya ne kawai don sun ga an tsaya. 'Yan ƙungiyar suna raba takardu da jakunkunan yadi. Auta tana tsakiya, faranti ɗaya a ɗage a hannunta, kuma ashe yarinyar ta iya magana. Ba ta karanta komai, ba ta ɗaga murya, hira take yi kamar a tsakar gida.

"Tuffa huɗu ce a nan," take cewa. "Minti nawa za ku yi ku cinye? Amma wannan farantin sai ya ga jikokin jikokinku. Masu sayen tsohuwar roba ba sa son baƙin faranti, injinsu ba ya gane shi. Wannan ledar mai mannewa kuwa ko kyauta ba mai karɓa. To ina za su? Kwata, ko wuta, ko cikin akuyar wani. Ba mu ce kada ku saya ba. Mun ce ga irinta can a buɗe, taku goma daga nan. Ku taɓa, ku zaɓa, ku sa a jaka."

Wani mutum mai tumbi da makullin mota a yatsa ya ce, "Malama, na rufen ya fi tsafta. Wancan kowa ya zo sai ya lallatsa, har mai mura."

"Ranka ya daɗe, tuffa da rigarta aka halicce ta. Ka wanke, ka ci. Wanda ya yi mata ta farko bai ce tana buƙatar ta biyu ba."

Aka yi dariya. Mutumin ma ya murmusa, amma bai tafi ba. Irin mutanen nan ne da gardama ke musu daɗi kamar shayi.

"Kuma kada wanda ya ga laifin masu naɗawa," ta ci gaba. "Sa su ake yi. Ni nan da kuke gani, mahaifina a kantin nan yake aiki. Shekara ashirin da biyu ya yi yana sayar da kayan marmari a kasuwa, bai taɓa rufe ko ƙwaya ɗaya ba, bai taɓa ɓoye wa mai saye komai ba. Ga shi can ma."

Kawuna suka juyo. Ya tsaya da kwanduna a ƙirji, hular raga a ka, ba gaba ba baya. Wata tsohuwa mai sanda ta ƙura masa ido, ta matso, sai ta tafa hannu.

"Kai! Zaɓi-Sonka? Kai ne? Ashe kana nan da rai! Jama'a, wannan mutumin in lemonsa ba zaƙi, da bakinsa zai ce miki, Hajiya yau ki haƙura, je ki gaba. Irinsu sun ƙare. Yarinya, kin yi sa'ar uba."

"Na sani, Kaka," in ji Auta.

Ya ce na gode, ko kuma ya yi niyyar cewa, domin bai ji muryar ta fito ba. Gumi ya bi ta ƙarƙashin rigar robar yana gangara masa har ƙugu. Manaja ya sauko daga ofis ya tsaya daga gefe, hannu a aljihu, yana murmushin mai masauki.

Auta ta ɗauki almakashi. Ta yanka zagayen farko ta ɗaga shi sama. "Ɗaya." Ta yanka na biyu. "Biyu. Kamar mai jin sanyi." Aka sake dariya. Ta ajiye almakashin, ta sa hannu ta ɗauko tuffar farko za ta ɗaga.

Hannun bai kai sama ba. Daga inda yake tsaye ya ga babban yatsanta ya tsaya a ƙasan tuffar, ya ɗan danna. Ba ta duba ba, ba ta buƙatar dubawa. Ta mayar da ita, ta ɗauki ta biyu, yatsan ya zagaya ya tsaya. Ta uku ma haka. A ta huɗu ta ɗan karkato ta wajen ƙirjinta ta saci kallo sau ɗaya, murmushin yana nan a fuskarta amma babu kowa a cikinsa. Duk abin bai kai ƙiftawar ido biyar ba. A wurin nan mutum biyu ne kawai suka san me ya faru, ko uku.

Wani abokin aikinta ya miƙo hannu. "Kawo a zagaya da su kowa ya gani, kamar yadda muka tsara."

"Bari," ta ce da sauri. "Ba a wanke ba."

Ta fito da su ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan teburin. Kowace ta ɗauko sai wuyan hannunta ya ɗan juya kafin ta ajiye, tabon a ƙasa, jan gefen a sama. Huɗu reras, suna sheƙi. Ta ɗaga farantin da ledar a ɗaya hannun. "Ga abinci, ga shara," ta ce, amma muryar ta sirance.

Mai makullin mota ya matso ya sunkuya a kan teburin. "To, Malama, ai kin kashe kanki da kanki. Dubi waɗannan, garau, ko tabo babu. Je ki dubi na buɗen can, duk an lallatse su. Ledar nan ita ta kare su. Ko ba haka ba?"

Amsar tana gabanta, tazarar yatsa ɗaya. Ta juya tuffa guda kawai, gardama ta ƙare, mutumin nan ba zai ƙara sayen abin da bai ga ƙasansa ba har ya mutu, haka ma duk wanda ke tsaye a wurin. Watanni ta yi tana neman hujja irin wannan. Dattijo ya ji wani abu a cikinsa yana cewa, juya, Auta, juya mana. Ya buɗe baki. Kwandunan suka yi masa nauyi, harshen ya fi su.

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Auta. "Waɗannan dai suna da kyau."

"To kin gani!" Ya juya yana kallon jama'a kamar wanda ya ci shari'a. Ya miƙa hannu zai ɗauki ɗaya, ta riga shi, ta tattara su huɗun ta zuba a jakarta ta yadi ta ja bakin.

"Na mamana ne," ta ce.

"Sauran biyun fa?" abokin aikinta ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ɗaya ya isa misali."

Ta ci gaba da magana, amma gishirin ya fita. Ta koma karanta takarda. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, mai makullin mota ya shiga ciki, ba a jima ba ya fito da faranti biyu a saman kekensa, ya ɗaga mata su yana dariya. Tsohuwar ta dafa hannun Dattijo ta yi masa addu'a doguwa, ta haɗa da zuri'arsa. Duk wannan lokacin Auta ba ta dubi inda yake ba ko sau ɗaya. Tana gyara takardun da ba su karkace ba.

Ya ajiye kwandunan a inda ba nan ne wurinsu ba, ya koma ciki. Rediyo ta kira shi daga kan sikeli, "Dattijo, yau ka sha yabo, sai ka ba mu tukuici!" Bai juya ba. Ya ratsa labulen, ya yaye buhun daga kan kwandunan jiya, ya tsaya yana kallonsu. Saura kwando biyu da rabi. Tun safe tsoronsa ɗaya ne, kada ta gani. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai abin da ya fi ganin muni ba.

Labulen ya motsa. Ya juyo, ya ɗauka ita ce. Manaja ne, yana murza hannu, fuskarsa a sake.

"Dattijo, wallahi yau na ga ikon Allah. Da ta ɗauko almakashin nan, na ce shi ke nan, mun shiga uku, gobe muna cikin wayoyin mutane. Ina tsaye daidai gefenta fa, na ga komai." Ya kwaikwayi juyin da wuyan hannunsa, ya fashe da dariya. "Ka ga yadda ta kwantar da su? Ko kai ba ka kai ta sauri ba. Zancen kwalin da ka buɗe kuma na gani, na yafe, bar shi. Yarinyar nan tana da hankali, ta san gidansu. Ai dama barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gado ne!"

Ya daki kafaɗarsa, ya juya zai fita.

"Yallaɓai," in ji Dattijo.

Manaja ya tsaya, hannunsa a kan labule.

"Ba gado ba ne. A da ba ta iya ba. Yau na koya mata."